Yadda muka buɗe wa ƙungiyarmu shafin intanet, da yadda na koyi sa rubutun Hausa a ciki

Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu sana'ar hannu a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Cikinmu akwai masu ɗinkin hula, masu saƙa, masu haɗa turaren wuta da humra, da masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mun daɗe muna tallata kayanmu ta WhatsApp da Facebook, har lokacin da wasu masu ba da horo suka aiko mana da fom, a ciki akwai gurbin rubuta adireshin shafin intanet na ƙungiya, mu kuwa ba mu da shi. Ga kuma masu sari daga Kano da Kaduna da Maraɗi, kullum sai sun nemi a sake turo masu hotuna da farashi, don na jiya sun nutse cikin hira. Shi ne kwamiti ya yanke a buɗe shafi, aka ɗora mani kula da duk rubutun da za a riƙa sawa. Na rubuta wannan ne saboda sakatarori irina, na ƙungiyoyi da makarantun Islamiyya da ƙananan kamfanoni, waɗanda za a miƙa wa kalmar sirri a ce su ci gaba, ba tare da an gaya masu abin da ke jiransu ba, musamman in da Hausa za su rubuta.

Wanda ya yi mana aikin ginin ɗan ƙanwar Hajiya shugabarmu ne, yaro mai haƙuri da ya karanta kwamfuta. A zaman farko a falon Hajiya ya bayyana mana cewa abu biyu za mu saya, kuma dukansu haya ce ta shekara, ba saye na har abada ba. Na farko suna, wato adireshin da mutane za su rubuta su same mu. Na biyu masauki, wato wuri a kwamfutar wani kamfani inda rubutunmu da hotunanmu za su zauna dare da rana. Ya ce mu ɗauke su kamar allon shago da hayar shagon: in ba a biya ɗaya ba, ɗayan bai da amfani. Sunayen da ke ƙarewa da .ng hukumar NiRA ce ke kula da su, amma ba wurinta ake zuwa ba, akwai kamfanonin da ta amince wa su sayar. Irin su .gov.ng da .edu.ng ba kowa ake ba wa ba, sai da takardun shaida. Mu muka zaɓi .org.ng tunda ƙungiya ce. Na haɗa takardar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da wasiƙar kwamiti na riƙe, amma abin da fom ɗin kamfanin ya nema shi ne sunan mai shafi, adireshi, lambar waya da imel. A lokacin, kuɗin suna 'yan dubbai ne a shekara, na masauki ya ninka shi sau da yawa, kuma farashin na motsi yadda komai ke motsi a ƙasar nan, don haka ku tambayi na shekara ta biyu tun kafin ku biya na farko, saboda wasu kan yi rangwame a shekarar farko kawai.

A nan ne na tsaya kai da fata kan abu ɗaya. Yaron ya so ya sa imel ɗinsa don a gama da wuri, ba da wata mugun nufi ba. Na ce wa Hajiya, “Ranki ya daɗe, yau yana Katsina, gobe aiki na iya kai shi Abuja ko Legas. In sunan na kan imel ɗinsa, saƙon sabuntawa can zai riƙa zuwa, mu ba mu sani ba.” Ta ce, “Gaskiyarki, Malama. Ku buɗe na ƙungiya.” Muka buɗe imel da sunan ƙungiya, aka haɗa shi da layin wayar ofis, aka rubuta kalmar sirri a takarda aka sa cikin fayil ɗin da ke riƙe da takardar rajista. Biyan kuɗin ya ɗan ja, don asusunmu sai mutum biyu sun sa hannu, ma'ajiyarmu kuma ta tafi biki Dutsin-ma. Da ta dawo aka tura kuɗin, na buga rasit na ajiye. Ko bayan an biya, adireshin bai buɗe nan take ba. Na yi ta gwadawa a waya yana cewa ba a sami shafi ba, raina ya fara ɓaci, na ɗauka kuɗin mata ya tafi. Yaron ya ce, “Malama, ki kwantar da hankalinki, sabon suna yakan ɗauki awoyi, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, kafin ya bazu.” Washegari ya buɗe. Ya kuma kunna mana tsaron shafi, mai alamar ɗan kwaɗon nan da wasu burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ke nunawa gefen adireshi, wanda in babu shi burauza ke gargaɗin mutane cewa shafin ba shi da tsaro. Akwai na kyauta, don haka ku tambaya ko yana cikin kuɗin masauki kafin a yanka maku wani kuɗi daban.

Manhajar da ya ɗora mana ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma kyauta ce, masauki kawai ake biya. Ana shiga ɗakin aiki ne ta hanyar ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshi. Manhajar na da matakan izini: mai cikakken iko da zai iya canza komai, edita da zai iya gyarawa da wallafa rubutun kowa, marubuci da ke wallafa nasa kaɗai, da mai ba da gudummawa wanda zai rubuta amma ba zai iya wallafawa ko ɗora hoto ba sai wani ya duba. Aka buɗe asusun cikakken iko da imel ɗin ƙungiya aka ajiye shi, ni kuma aka ba ni na edita don aikin yau da kullum. Da farko na ji kamar an rage mani matsayi, daga baya na ga hikimar: a asusun edita ba na ma ganin wuraren da danna ɗaya zai iya birkita shafin gaba ɗaya.

Ƙungiya ba ta da kwamfuta a lokacin, don haka zaman koyo na farko a wani shagon buga takardu muka yi shi, wajen Ƙofar Ƙaura. Mun isa an ɗauke wuta, mai shagon ya ce ba zai tada inji don mutum ɗaya ba, sai aiki ya taru. Muka zauna kan benci, ɗalibai na shigowa da takardun da za su buga, har suka kai yadda yake so ya ja igiya. Kuɗin awa da inji ya fi na wuta tsada, ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, duk daga aljihun ƙungiya, don haka kowane minti ina jin nauyinsa. Da allon ya buɗe, abin da ya fara rikita ni shi ne akwai ƙofa biyu ta sa rubutu, ɗaya an rubuta Posts, ɗaya Pages. Ta farko ta labarai ce masu kwanan wata, sabo na danne tsoho: sanarwar taro, rahoton baje koli, sabon kaya. Ta biyu ta abin da ke zaune ne: tarihin ƙungiya, yadda ake oda, inda muke. Wanda ya sa tarihin ƙungiya a ƙofar labarai, bayan wata biyu sai ya tono shi daga ƙasa.

Sai editan rubutun kansa, wato filin da ake bugawa ana ganin rubutu da kauri da karkata da jerin lambobi kusan yadda zai fito, ba sai an san yaren kwamfuta ba. Shi ma iri biyu ne. Akwai tsohon, mai kama da Microsoft Word: akwati ɗaya babba, da jerin maɓallai a sama. An gina shi kan wata manhaja mai suna TinyMCE, kuma har yanzu ana iya dawo da shi ta ƙarin da ake kira Classic Editor. Akwai kuma sabon, da ake kira Gutenberg, wanda ya zo da WordPress 5.0 a watan Disamba na 2018. A cikinsa komai bulo ne mai zaman kansa: sakin layi bulo, kanu bulo, hoto bulo, jeri bulo. Yaron ya ce tsohon zai fi mani sauƙi tunda na saba da Word. Na gwada duka biyun, na zaɓi na bulo, kuma har yau ban ga dalilin komawa ba. In na ga sakin layi na uku ya fi dacewa da farko, ɗan kibiya nake dannawa ya hau, ba sai na yanke na liƙa ba. Abin da ke tsorata sabon shiga shi ne maɓallan ba su tsaya wuri ɗaya ba, sai an danna cikin bulo suke bayyana a samansa. Na ɗauki lokaci ina neman inda ake sa hoto, ashe alamar + ce, ko kuma a buga / a sabon layi jerin bulo ya fito. Danna Enter na buɗe sabon bulo, Shift da Enter tare kuma na sauka layi a cikin bulo ɗaya, wanda ake buƙata wajen rubuta adireshi ko baitin waƙa.

Rubutun farko da zan sa tarihin ƙungiya ne, wanda tuni aka buga a Word shekarun baya. Na kwafo na liƙa. A allon kwamfuta ya yi kyau, amma da na duba shi a waya sai ga filaye fari fat tsakanin sakin layi, kanun da aka tura tsakiya da tazara ya karye gida biyu, lambobin da aka jera da hannu sun hau juna, hotunan da ke cikin takardar kuma ba su biyo ba. Editan yana ƙoƙarin share tarkacen da ke biyo rubutu, amma ba zai san cewa mai bugun farko ya danna Enter sau uku don ado ba ne. Maganin da aka koya mani shi ne liƙawa da Ctrl, Shift da V tare, rubutu ya sauka tsirara, sannan a yi mashi kwalliya a cikin editan. Kwafowa daga WhatsApp ya fi wannan haɗari. In aka zaɓi saƙo fiye da ɗaya aka kwafa, kowanne na zuwa da kwanan wata da lokaci da sunan wadda ta turo, ko lambar wayarta in ba a ajiye ta ba. Mambobinmu ta nan suke turo mani bayanin kayansu, yawancinsu matan aure ne, kuma ba wadda ta amince lambarta ta fita duniya. Taurarin da ake sawa don rubutu ya yi kauri a WhatsApp su ma ba sa yin wannan aikin a nan. Tun daga lokacin, duk abin da zan kwafo daga hira sai na sauke shi a wata takarda daban na tsabtace shi layi-layi.

Kanu ma akwai abin lura. Yawancinmu mun saba in za mu yi kanu sai mu ƙara wa layin kauri da girma. A ido daidai ne, amma ga injin bincike irin Google, da manhajar da ke karanta wa makafi shafi da murya, wannan layin sakin layi ne kawai. Akwai bulo na kanu, mai matakai daga H1 zuwa H6. Sunan rubutun shi ke ɗaukar H1, don haka manyan sassa H2 ne, ƙananan da ke ƙarƙashinsu H3. Ba don girman harafi ake zaɓarsu ba, don tsari ne.

Yanzu ga inda na fi shan wahala, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Kibod ɗin kwamfutar shagon ba ya da su. Wasu suka ce in rubuta babu su, ai kowa zai gane. Ban yarda ba. Mu masu sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula ne, kusan duk sunan kayanmu akwai lanƙwasa, kuma sanarwar da ta ce “an karɓi baƙi” ba daidai take da wadda aka cire wa lanƙwasa ba. Yaranmu na karanta Hausa a makaranta da waɗannan haruffa, bai dace su zo shafin iyayensu su tarar an yar da su ba. A waya abin da sauƙi: a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, ana shiga saitin harsuna a ƙara Hausa, haruffan su samu, kuma wannan na rage yadda waya ke mayar da kalmar Hausa ta Turanci da sunan gyara. Windows ma na da kibod ɗin Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, amma mai shago ba zai so a taɓa mashi saiti ba. Abin da na yi a lokacin shi ne na ajiye haruffan shida, manya da ƙanana, a wani daftari, ina kwafo su in na buƙata. Aiki ne mai cin rai, kuma shi ya sa na matsa wa kwamiti har aka sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwa. Jan layin da burauza ke ja ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuwa, ba laifin rubutunku ba ne, ƙamus ɗin Turanci take dubawa, kuma mai karatu ba ya ganinsa. Ana iya kashe shi a saiti.

Na gama tarihin, na duba a kwamfuta komai tsaf, na kai wa Hajiya ta gani a wayarta. Ta sa tabarau, ta matso da wayar, ta yi shiru, sannan ta ce, “Malama, me ya sami waɗannan? Kamar an tsinto su daga wani wuri.” Na karɓa na duba. A kalmar “ƙungiya”, harafin farko ya fito siriri, ya fi sauran tsawo, ya ɗan ja baya daga 'yan'uwansa, sauran haruffan kuma masu kauri ne zagayayyu. Haka kowace ɗ, haka kowace ɓ, shafin duk ya yi dabbare-dabbare. Muka karɓi tsohuwar wayar jikarta, a can kuma wasu wuraren ɗan akwati ne fanko a madadin harafin. Dalilin shi ne salon haruffan da ya zo da ƙirar shafinmu ba a zana ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa ba, sai waya ta aro su daga wani salon, in kuma ba ta da inda za ta aro ta sa akwati. A editan ban ga haka ba saboda kwamfutar ta aro wanda ya yi kusa. Na kira yaron, ya canza mana zuwa Noto Sans, wanda ke da haruffan duka. Salon Andika da na Charis su ma suna da su. Aikin bai ɗauke shi lokaci ba, amma da ba a duba a wayar ba, da haka shafin zai zauna. In za a zaɓar maku ƙira, ku ba mai ginin jimla ɗaya mai ɗauke da ƙ, Ƙ, ɗ, Ɗ, ɓ, Ɓ, ya nuna maku ita a kanu da cikin rubutu da kan maɓalli, domin sau da yawa salon kanu daban ne da na jiki. Ku haɗa da ƴ, tunda maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram da ita suke rubutu, kuma za su iya bar maku saƙo.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suka biyo baya. WordPress na gyara alamomin zance da kansa, yana mayar da miƙaƙƙu lanƙwasassu. In kalma ta fara da alamar ɗauri, kamar 'yan ko 'ya'ya, yana ɗauka zance aka buɗe, sai alamar ta juya baya a shafin da aka wallafa, ko da yake a edita daidai take. Wanda bai damu ba ba zai lura ba, amma malaman Hausa na lura. Ana magance shi da sa lanƙwasasshiyar alamar rufewa kai tsaye, wadda a Gboard ke fitowa in aka danne alamar aka riƙe. Na biyu shi ne adireshin kowane rubutu, wanda manhajar ke ƙirƙira daga sunansa. Na wallafa rubutu mai suna da ƙuli-ƙuli a ciki, na kwafo adireshin na tura zaurenmu na WhatsApp, sai ga shi ya fito da %c6%99 a duk inda ƙ take. Yana buɗewa lafiya, amma ya yi tsawo ya yi kama da irin waɗanda 'yan damfara ke turowa, har wata mamba ta bugo tana tambaya ko an yi mani kutse ne. A gefen dama na edita akwai wurin gyara wannan adireshi. Nan kaɗai nake cire lanƙwasa, in rubuta shi gajere da haruffa marasa ado, kuma ina yi ne kafin wallafawa, tun adireshin bai shiga hannun mutane ba.

Hotuna sun zo da nasu lissafin. Hoto ɗaya daga wayar zamani na iya kai megabait da yawa, mu kuma masu karatunmu da ɗan datar da suka saya suke buɗewa, wasu a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana tafiya. Tun daga WordPress 5.3 manhajar kan rage hoton da ya wuce fiksel 2560, amma ko hakan ya yi wa shafin talla yawa. Ina rage faɗin nawa zuwa kamar 1200 kafin in ɗora, in kuma canza mashi suna daga jerin lambobi zuwa abin da ke ciki. Akwai wani gurbi a gefen hoto da aka rubuta Alt text, inda ake bayyana hoton da kalmomi. Shi ake karanta wa wanda ba ya gani, shi ne kuma ke fitowa in hoton ya ƙi buɗewa saboda rashin sabis, wanda a wajenmu ba baƙon abu ba ne. Ina rubuta shi da Hausa: hula mai aikin zare shuɗi da fari, kwalbar humra ƙarama. Kafin duk wannan akwai maganar izini. Hoton da aka ɗauka a taro aka tura zauren mata daban yake da hoton da ke shafin da kowa zai gani ya sauke. Kwamiti ya yanke cewa ba za a sa fuskar kowa ba sai ta amince da bakinta, ta kuma shawarta da gidanta. Yawancin hotunanmu na kaya ne da hannuwa a bakin aiki, kuma masu saye ba su taɓa ƙorafi ba, don kayan suka zo gani. Jadawalin farashi mai ginshiƙi biyar da na yi ya matse a waya har ba ya karantuwa, na rushe shi na mayar da shi jeri: sunan kaya, girma, farashi, layi ɗaya-ɗaya.

Maɓallan sama na dama su ne suka fi sa gabana faɗuwa a farko, don ina tsoron in danna abu ya fita duniya da kuskure a ciki. Save draft na ajiye daftari, ba mai gani sai mu. Preview na nuna yadda zai fito, har da zaɓin girman waya, ko da yake wannan bai kai dubawa a waya ta gaske ba. Publish shi ne wallafawa, kuma yana sake tambaya kafin ya saki. Editan na ajiye aiki da kansa lokaci-lokaci, kuma ranar da inji ya mutu ina tsakiyar rahoton baje koli, da muka dawo sai ga sanarwa a sama cewa akwai ajiyayyen da ya fi wanda nake gani sabunta, na dawo da shi, layi kaɗan ne suka tafi. Akwai kuma Revisions, inda ake ganin duk tsofaffin kwafin rubutu, abin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da kore, da sunan wanda ya yi. Ana iya tsara rubutu ya fita da kansa a wani lokaci, amma agogon manhajar na zuwa ne a kan UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Sanarwar da aka sa wa ƙarfe takwas sai tara take fita, har sai da aka shiga saiti aka zaɓi Lagos. Wani abin kuma, in kun gyara farashi kuka buɗe a waya kuka ga tsohon, kada ku yi ta sake gyarawa. Waya ko masaukin ne ya riƙe tsohon kwafi don sauri. Ku sabunta shafin, ko ku buɗe a wata wayar, in ya ƙi ku ce wa mai ginin ya share ajiyar.

Da na zauna da kyau, sai na fara koya wa wasu 'yan mata biyu daga cikin 'ya'yan mambobi. Kowacce na buɗe mata asusunta na mai ba da gudummawa, ban ba su nawa ba. Suna rubutawa daga waya, su tura don dubawa, ni in karanta, in sa hoto, in wallafa. Amfanin raba asusun shi ne in an ga gyara a rubutu an san hannun wa ne, in kuma ɗaya ta yi aure ta bar gari, asusunta kaɗai za a rufe.

In da zan ba wadda za ta fara yau shawara, zan ce ta nemi wayar da ta fi kowacce tsufa a gidansu ta mai da ita ma'auni. Duk abin da na lissafa a sama, daga filaye fari zuwa akwatunan da suka cinye haruffa, a allon edita lafiya lau suke, a hannun mai karatu ne suke bayyana. Ni yanzu ba na wallafa komai sai na buɗe shi a irin wannan wayar, da data ba da Wi-Fi ba, na karanta daga sama har ƙasa. Kada kuma ku bari a lallashe ku da cewa Hausa ba ta buƙatar lanƙwasa a intanet. Kayan aikin na nan kuma kyauta ne, abin da ake buƙata shi ne ku nema tun ranar da ake zaɓar ƙira, ba bayan an cika shafi da rubutu ba. Ku yi yarjejeniya da mai ginin a rubuce, ko da ɗan'uwa ne: nawa ne kuɗin gini, nawa ne na gyara in abu ya lalace, wa zai riƙa sabunta manhajar. Ku tambayi kamfanin masauki ko suna ajiye kwafin shafin, kuma duk kwana nawa. Ni duk da haka ina ajiye kowane rubutu da hotunansa a filashi, wata-wata. Ranar ƙarewar suna da ta masauki kuma na rubuta su a bangon littafin taro, na sa su cikin ajandar taron da ke zuwa wata biyu kafin lokacin, saboda fitar da kuɗi a wajenmu sai hannu biyu sun haɗu.